Wane Baƙin Mai Ya Dace da Motar da Ta Sha Hanya?

Yau za mu ɗan ajiye zancen waya da data mu leƙa ƙarƙashin bonet, domin da yawa daga cikin masu bibiyarmu sun fara riƙe mota. Wani gwanjo ya saya, wani tsohuwar motar gida aka bar masa, wani kuma da ita yake neman abinci. Kusan duk wanda ya je juye da irin waɗannan motoci, magana ɗaya yake ji daga bakanike: "Motar nan ta tsufa, a zuba mata mai kauri, 20W-50." Wani lokaci yana da gaskiya. Amma a motoci da dama, wannan shawarar ce ke ƙarasa injin da yake lallaɓawa.

Me lambobin jikin galan ke nufi?

Ɗauki 5W-30 a matsayin misali. Ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, kuma kaurin mai kawai yake nunawa. Ba ya nuna inganci.

Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake a sanyaye. Idan lambar ƙarama ce, man yana saurin kaiwa saman inji da zarar ka murɗa makulli. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kaso mai yawa na cinyewar ƙarfe a 'yan daƙiƙun farko na tayarwa yake faruwa, kafin mai ya zagaya. Lamba ta biyu kuma kaurin man ne a zafin digiri 100 na ma'aunin Salsiyas, wato lokacin da inji ya ɗau zafin aiki. Mai 50 ya fi 40 kauri, 40 ya fi 30.

A nan ne mutane ke cewa ai mu ƙasar zafi ce, dole sai mai kauri. Zafin gari yana da tasiri, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Injin da lagireto da tamostat ɗinsa ke lafiya yana aiki ne a kusan digiri 90 zuwa 100, ko a Sakkwato kake a watan Afrilu ko a Jos cikin hunturu. Af, idan bakanike ya taɓa cire maka tamostat wai don kada mota ta yi zafi, ka mayar da shi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan fetur, kuma ya fi saurin ɓata mai.

Littafin mota ne farko, yana kuma cikin wayarka

Yawancin motocin gwanjo ba sa zuwa da littafinsu, amma wannan ba hujja ba ce yanzu. Toyota da Honda suna ajiye littattafan motocinsu a shafukansu na intanet, kana iya saukewa kyauta a PDF. Rubuta sunan mota da shekararta, sannan ka nemi shafin da ya yi maganar mai. Kafin ma ka taɓa waya, duba murfin wurin zuba mai, sau da yawa lambar tana rubuce a kai.

Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2008, 5W-30 aka ƙera injinta da shi. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 kuwa 5W-20 ce. Waɗannan injina suna da tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul yayin da mota ke tafiya, Toyota na kiran nata VVT-i, Honda kuma i-VTEC. Da matsin baƙin mai tsarin ke aiki, kuma man yana bi ta wasu 'yan siraran hanyoyi da ƙananan rariya. Idan ka ɗura 20W-50 a irin wannan inji, da safe man zai yi nauyin tafiya, tsarin ya riƙa amsawa a makare, mota ta ƙara shan fetur, wani lokaci fitilar inji ta kama.

Tsofaffin injina irin na Peugeot 504 da 505 labarinsu daban ne. An ƙera su a zamanin mai kauri, tazarar da ke tsakanin ƙarafunansu ta fi faɗi, don haka 15W-40 ko 20W-50 ba baƙo ba ne a wurinsu. Kuskuren shi ne ɗaukar darasin 504 a ɗora wa Corolla.

Kafin ka canza kauri, auna abin da injin ke sha

Shekarun mota ko lambar da ke kan dashbod ba su isa su zaɓa maka mai ba. Motar da ta yi kilomita 250,000 tana samun juye a kan lokaci tana iya fin wadda ta yi 120,000 a hannun mai sakaci lafiya. Sannan ka lura, motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ga kuma dillalan da ke mayar da lambar baya.

Gwajin mai sauƙi ne. Bayan juye, ajiye mota a wuri mai baje, kashe ta, ka jira minti biyar zuwa goma. Zaro sandar gwajin mai, goge, mayar, ka sake zarowa. Ɗauki hotonta da waya, ka ɗauki hoton lambar tafiya. Maimaita haka duk bayan kilomita 500. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar sama da ta ƙasa kusan lita ɗaya ce, don haka hotuna uku ko huɗu sun isa su nuna maka gaskiyar injinka.

Idan man bai sauka sosai ba har lokacin juye na gaba, kada ka canza komai. Tsaya a kan abin da littafi ya ce.

Idan yana sauka, nemo inda yake tafiya. Ɗigo a ƙasa inda ka kwana da mota yoyo ne, na sil ko gasket. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da safe wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci yawanci robobin bawul ne suka bushe. Wanda ke fita duk sanda ka taka totur kuwa ya fi nuni ga ringin fistin. Akwai kuma wani ɗan bawul mai suna PCV da ke fitar da tururin cikin inji. Idan ya toshe yakan sa mota shan mai da yoyo, ga shi ba shi da tsada, amma ba kasafai ake tuna shi ba. Masu Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 su sani cewa injin 2AZ-FE ya yi suna wajen shan mai saboda yanayin ringinsa, har kamfanin ya fito da shirin gyara na musamman a Amurka. Babu man da zai warkar da wannan, sai dai yawan dubawa da ciko, ko gyara.

Idan shan man matsakaici ne, a ganina matakin hankali shi ne hawa mataki ɗaya tak: daga 5W-20 zuwa 5W-30, ko daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40. Sai ka sake gwajin hotuna ka gani ko an samu sauƙi. Tsallakawa kai tsaye zuwa 50 yana iya rage hayaƙi da ƙarar inji, ka ɗauka an gyara, alhali ɓoye cutar kawai aka yi.

Man da aka rubuta wa High Mileage

Kamfanoni irin su Valvoline, Castrol da Mobil suna yin mai na musamman don motocin da suka haura mil 75,000, kimanin kilomita 120,000. Bambancinsa shi ne sinadarin da ke tausasa robobin sil da suka bushe su ɗan kumbura, da ƙarin sinadaran wanke datti. Yana taimakawa a ƙaramin yoyo. Sil ɗin da ya yage kuwa sai canji. Amfaninsa babba shi ne kana samun wannan taimako ba tare da ka bar kaurin da littafi ya ce ba.

Akwai kuma masu cewa man sintetik yana sa tsohuwar mota yoyo. Abin da ke faruwa shi ne yana wanke dattin da ya toshe wata ɓarakar da dama can tana nan, sai ta bayyana. Sintetik ya fi jure zafi da cunkoson hanya. Idan aljihu bai kai ba, man gama-gari mai kyau da ake juyewa a kan lokaci ya fi sintetik da aka bari ya wuce wa'adi. Ruwan wanke inji da ake zubawa kafin juye kuwa, a injin da ya daɗe da datti, ban ba ka shawara ba: yana iya ɓamɓaro dunƙulen datti ya toshe rariyar famfon mai.

Haruffan API da batun jabu

A bayan galan za ka ga API da haruffa biyu. S na motar fetur ne, C na dizal. Harafi na biyu yana nuna zamani: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho a motar fetur, don haka wadda littafinta ya ce SL za ta karɓi SN ko SP. Idan ka ga galan da SF ko SG kawai a jiki, ba na motar shekarun 2000 ba ne.

Duk wannan lissafi banza ne idan man jabu ne. Guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Sayi naka a gidan mai ko wurin babban dila, duba hatimin murfi, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, a kuma canza filta tare da shi. Da ƙurarmu da zafinmu da tsayuwa a cunkoso, motocinmu suna cikin rukunin da littattafan ke kira aiki mai tsanani, don haka kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, lissafi ne mai aminci. Sa tunatarwa a kalandar wayarka tun a garejin.

Ga masu son na'ura: motocin Amurka daga 1996 suna da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque za su nuna maka zafin ruwan inji da lambobin matsala. Idan ka ga P0011 ko P0012 jim kaɗan bayan juye, kafin a ce ka sayi sensa, tambayi bakaniken wane mai ya zuba.