WAYAR HANNU DA MOTSA JIKI: YADDA ZA KA AUNA ƘARFINKA

Darasin wannan fitowa ya shafi masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su riƙa motsa jiki, musamman 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa, inda keke da tafiyar ƙasa suka zama abin yau da kullum.

Gwargwadon da ake so

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi kamar gudu. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin.

Abin da waya take aunawa

Manhajoji irin su Samsung Health da Strava suna ƙirga lokaci da nisa da sauri. Suna gane inda kake ta hanyar tauraron ɗan'adam, don haka suna iya auna nisa ko babu sabis. Wanda ya ga lokacin da aka rufe layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi a 2021 ya san amfanin haka. Ƙaramar waya ma tana da agogon ƙirga sakan, kuma ya wadatar.

Amma waya ba ta san wahalar da zuciyarka take sha ba. Kilomita biyar a kan kwalta da sanyin safiya daban ne da kilomita biyar cikin rairayi da buhun gero a bayan keke. Saboda haka kada ka bi lambar sauri, ka bi waɗannan gwaje-gwaje biyu:

1. Gwajin magana. In kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici. In kalma biyu ko uku kawai kake iya faɗa kafin ka ja numfashi, aikin ya yi ƙarfi.

2. Bugun zuciya. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na sakan 15, ka ninka sau huɗu. Cire shekarunka daga 220. Mai shekara 40 zai samu 180, kuma matsakaicinsa kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari ne, wato 90 zuwa 126 a minti. Wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, don haka ka tambayi likitanka.

Yadda za ka fara

Fara da minti 10, ka riƙa ƙara kaɗan kowane mako. Minti biyar na farko da na ƙarshe a yi su a hankali. A bazara zafi yakan wuce digiri 40, sai ka fita bayan asuba ko da yamma lis, da ruwa a hannu. Mai shan maganin suga kada ya fita da yunwa.

Ga mai juna biyu

'Yar'uwa, in an tabbatar wajen awo cewa cikinki lafiya, tafiya ko a tsakar gida tana da amfani. Ki dogara da gwajin magana. Ki tsaya ki zo asibiti in kin ga jini, ko zubar ruwa, ko ciwon mara, ko ciwon kai mai tsanani.

Gargaɗi

Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi alama ce ta a dakata nan take a nemi likita. Kada ka fita bayan gari kai kaɗai, kuma ka kashe wurin da manhaja ke nuna wa jama'a hanyarka. A 2018 taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka, balle hanyar gidanka.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.