DARASI: INA ANGULAYEN MAYANKA SUKA TAFI?

 Darasinmu na wannan fitowa a kan angulu ne. Mun san wani zai yi dariya ya ce, ga maganar farashi, ga ta takardun kan iyaka, sai a ɗauko zancen ƙazamar tsuntsuwa? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi lafiyar dukiyarmu, ta kuma shafi sunanmu na Hausawa a ƙasar nan.

Dattawanmu na nan zangon Larle sun shaida cewa a da, in aka yi yanka a Wagadugu, kafin a gama fiɗa angulaye sun cika katanga da rufin kwano, har yaro sai ya ɗauki sanda ya tsare nama. Yau akan gan su jefi-jefi, amma duk mai bin hanyar Puytenga ko Fada ko Po ya san ba kamar da ba. Manyan na daji kuwa, irin su maiki, sai mutum ya shekara yana fatauci bai sa su a ido ba.

ABIN DA MASANA SUKA ƘIRGA

Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin ƙasar nan da na Mali da Nijar a mota daga 1969 zuwa 1973, yana ƙirga duk tsuntsun da ke cin nama. Bayan shekara 30, watau a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan dai, ya sake ƙirgawa. Ya tarar manyan angulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 daga cikin 100 a wajen gandun dajin gwamnati, ita kuwa ta gari da muka saba da ita ta ragu da kusan rabi.

A 2015 wasu masana a ƙarƙashin Darcy Ogada suka tattara ƙidayar ƙasashen Afirka da dama, suka ga iri 8 na angulu sun ragu da kimanin kashi 62 daga cikin 100 a cikin shekara 30. A cikin waɗanda aka san sanadin mutuwarsu, kashi 61 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuwa an kashe su ne don a sayar da sassan jikinsu. A wannan shekarar ce ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa angulun gari da wasu iri 3 na Afirka a sahun da ke dab da ɓacewa.

Abin lura a nan shi ne angulu ba zabuwa ba ce. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta kansa wajen kwana 50, ɗan kuma ya yi wata 3 zuwa 4 kafin ya tashi, kuma sai ya shekara da yawa kafin shi ma ya fara haihuwa. Ka ga ke nan in aka kashe 50 a wuni guda, cike gurbinsu sai an daɗe. Mu da ke harkar shanu mun fi kowa gane wannan lissafi, tunda mun san yadda garke yake daɗewa bai farfaɗo ba in shanun haihuwa suka ƙare.

AIKIN DA TAKE YI MANA

Allah ya yi wa angulu halittar da ta dace da aikinta. Kanta da wuyanta ba gashi sosai, sai ta zura kai cikin mushe ta fito ba tare da ƙazanta ta manne mata ba. Ruwan cikinta yana da tsami mai ƙarfin gaske, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta da yawa da za su kwantar da wata dabbar. Tana shawagi can sama ba tare da kaɗa fiffike ba, ido kuma kamar me, shi ya sa Bahaushe ya ce angulu ba ta jewar banza.

A ƙasar Kenya an yi gwaji, aka buga sakamakonsa a 2012. An ajiye mushe a wurare daban-daban, wasu aka bar angulaye suka sauka, wasu aka hana su. Inda ba angulu, mushe ya ɗauki kusan ninki 3 na lokacin da yakan ɗauka kafin ya ƙare, kuraye da diloli da suka taru a kansa kuma suka ninka kusan sau 3, suna cizon juna suna cuɗanya. A irin wannan cuɗanya ce ciwon haukan kare da makamantansa suke samun hanya. To, wa ya fi mu barin mushe a hanya? Saniya ta gaji ta faɗi a burtali, ko an tattake ta a tirela an sauke ta a bakin titi. Wanda ke share mana wannan ba tare da mun biya ko dala ba, ai ya cancanci mu san halin da yake ciki.

ABIN DA YA FARU A INDIYA

Indiya ƙasa ce mai shanu masu ɗimbin yawa, kuma akasarin mutanenta ba su cin naman shanu, saboda haka in saniya ta mutu angulaye ake bar wa. Daga farkon shekarun 1990 sai angulayensu suka shiga mutuwa, har wasu irin suka ragu da fiye da kashi 95 daga cikin 100. An daɗe ana laluben dalili, sai a 2004 aka gano maganin rage zafin ciwo ne mai suna diclofenac, wanda makiyaya ke yi wa shanu allura da shi. In saniya ta mutu cikin 'yan kwanaki bayan allurar, angulun da ta ci namanta ƙodarta takan lalace ta mutu. Lissafi ya nuna ko da mushe 1 cikin 100 ne ke ɗauke da maganin, ko ma ƙasa da haka, ya isa ya yi wannan ɓarna. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi.

Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a bayan gari yana ɓata ruwa, karnukan da ba su da masu su kuma suka yawaita. Wasu masana biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun fitar da bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin angulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna maganin nan yana kashe babbar angulun dajin Afirka ita ma, ya kuma nuna akwai wani mai suna meloxicam da ke yin aiki iri ɗaya ga saniya ba tare da ya cuci tsuntsuwar ba.

ME KE KASHE SU A NAN?

Na farko guba. Makiyayi ya fusata don kura ko kare ya kashe masa maraƙi, sai ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan mushen. Kura ɗaya ake nufi, amma angulaye ne ke fara sauka, su mutu gomiya-gomiya.

Na biyu, kuma nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu, shi ne cinikin kawunan angulu da sauran sassanta don tsafi da neman sa'a. Wani masani ɗan ƙasar nan, Clément Daboné, tare da abokan aikinsa, sun bi diddigin kashe angulaye da guba a Burkina, suka nuna cewa ƙasar nan tana iya kasancewa ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake samo gawarwakin da ake fataucinsu a Afirka ta Yamma. Binciken kasuwanni kuma ya nuna Nijeriya da Benin ne suka fi sayen kayan. A 2020 a ƙasar Gini Bisau an kashe angulayen gari fiye da 2,000 da guba, da yawa an same su ba kai. Kayan nan ba tashi suke yi sama su tsallake iyaka ba, a buhu ake zuba su, a hanyoyin da muke bi, wani lokacin a motar da muka ɗauka haya. In aka kama buhu ɗaya a motar Bahaushe, wallahi ba za a ce wane ba, cewa za a yi 'yan zango.

Na uku sarar itatuwa. Angulu ta koma gidanta na tsamiya, in ji Hausawa, kuma binciken da Daboné ya yi a yankin Garango ya nuna a kan manyan itatuwa irin su ɗorawa da gawo da tsamiya take sheƙa. Lokacin haihuwarta kuwa da rani ne, daidai sa'ad da yaranmu ke hawa suna sassare rassa don a ba dabbobi. Reshe ɗaya ya faɗi da sheƙa, haihuwar shekara ta tafi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kada ɗayanmu ya karɓi saƙon buhun da bai kwance ya ga abin da ke ciki ba, komai kusancinsa da mai ba da saƙon, a kuma ja wa direba da yaran mota kunne tun kafin a yi lodi. Angulu tana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta hana a tsallaka iyaka da su ba izini, ma'aikatan gandun daji da na duwan kuma suna da ikon tsare mota. Mota ta kwana 2 a tsare da shanu a cikin rana, kowa ya san abin da za a sauke.

Kada a sa guba a mushe. In kura ko karnuka sun dami zango, a kai ƙara ga ma'aikatan gandun daji. In za a sayi maganin rage zafin ciwo, a karanta sunan da ke jikin kwalba, a tambayi likitan dabbobi ko akwai meloxicam. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allurar diclofenac a binne ta da zurfi. Haka nan wadda ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura, ana zaton ciwon saifa ne: kada a feɗe ta, kada a bar wa angulu ko kare, a kira likita a ƙone ko a binne. Itacen da aka ga sheƙa a kansa kuwa a bar shi sai ɗan ya tashi. Wanda ya ga angulaye sun mutu da yawa wuri guda ya sanar da hukuma ko ƙungiyar NATURAMA da ke nan Wagadugu, kada kuma ya bar dabbobinsa su sha ruwan wurin.

Muna roƙon sarakunan zango da shugabannin kara su karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba wannan darasi a zaman mako, a kuma tambayi dattawa su faɗi yawan angulayen da suka sani a garuruwansu da yadda suke a yau, a aiko mana mu buga. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai mu kasuwa lafiya ya komo da mu lafiya, amin.