Sharaɗin Tallafi a Matsayin Makamin Yaƙi da Almundahana: Darasi Daga Bututun Man Chadi

Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ana iya cewa a kan irin wannan tunani ne masu ba da tallafi na ƙasashen waje suka gina dabararsu ta yaƙi da cin hanci da rashawa, wato gwamnatin da ta karɓi kuɗi za ta bi sharaɗin da aka gindaya mata. Wannan maƙala ta auna ƙarfin wannan zato ta hanyar duba aikin bututun man Chadi da Kamaru. Abin da ake nufi da rashawa a nan shi ne almundahana da dukiyar baitulmali, wadda ta fi toshiyar baki da "na goro" illa nesa ba kusa ba.

A shekarar 2000 Bankin Duniya ya amince ya sa hannu a aikin shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi. Kafin nan sai da Chadi ta kafa doka a 1999, wadda ta keɓe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man domin 'yan baya, ta kuma karkata mafi yawan ragowar ga ilimi da lafiya da raya karkara. An buɗe asusu a Landan, an kafa kwamitin sa ido mai wakilan ƙungiyoyin farar hula. A takarda dai tsarin ba shi da makusa.

Tun ba a je ko'ina ba alama ta nuna, domin daga dala miliyan 25 da kamfanonin mai suka biya a matsayin kuɗin sa hannu, an kashe kimanin miliyan 4.5 wajen sayen makamai. Man ya fara gudana a 2003. A Disambar 2005 majalisar dokoki ta soke asusun 'yan baya, ta sanya tsaro cikin muhimman fannoni, gwamnatin Idriss Déby tana kafa hujja da barazanar 'yan tawaye. Bankin ya dakatar da rance a Janairun 2006, aka sasanta, aka sake saɓawa. A Satumbar 2008 Chadi ta biya bashinta tun wa'adi bai cika ba, Bankin ya tattara nasa ya nasa ya fice.

A fahimtar mai wannan nazari, kuskuren yana cikin lissafin lokaci ne. Ƙarfin Bankin yana nan ne kafin a binne bututu, lokacin da Chadi ke neman wanda zai tsaya mata a gaban kamfanoni. Da farashin mai ya tashi, rancen ya zama ɗan kaɗan a idon mai karɓa, sharaɗin kuma ya rasa abin riƙewa. Kwamitin sa idon ma ba shi da ikon hukunta kowa.

Nijeriya ta ɗanɗani wani salo na wannan dabara. A Disambar 2017 Suwizalan ta amince ta dawo da kimanin dala miliyan 321 na kuɗin Abacha, bisa sharaɗin a raba wa talakawa naira 5,000 a wata ƙarƙashin sa idon Bankin Duniya. Wannan karon ƙungiyoyin cikin gida sun bi sawun kuɗin har ƙauyuka, abin da ya fi na Chadi inganci. Sai dai sa idon ya tsaya ne a kan wannan kuɗi kaɗai. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar ma'aikatar jinƙai, wadda shirye-shiryen tallafin talakawa ke ƙarƙashinta, bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata.