Guzurin Matafiyi: Kiyaye Lafiya a Hanyar Makka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani al'amari da maniyyata da yawa kan yi wa riƙon sakainar kashi, wato kiyaye lafiyar jiki a halin tafiya. Mutum yakan shekara goma yana tara kuɗin kujera, amma ba zai ɓata yini guda ba wajen sanin abin da zai tsare masa jikin da zai yi ibadar da shi. In an yi masa magana sai ya ce ai shi ya dogara ga Allah. To, ya kamata a auna wannan magana da ma'aunin shari'a.

Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa mutanen Yaman sun kasance suna fitowa aikin Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, amma da zarar sun iso Makka sai su shiga roƙon mutane. A kan haka ne umurnin yin guzuri ya sauka a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Ke nan tanadi ba ya warware tawakkali. Guzurin yau kuwa bai tsaya ga kilishi da garin kunu ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari, maganinsa shi ne farkon guzurinsa. Ya ga likita kafin tashi, ya ɗauki abin da zai ishe shi har ya dawo, ya sa shi a jakar hannu tare da takardar likita, domin babbar jaka takan yi ɓatan kai.

Haka nan batun annoba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai labari ya zo masa cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana na ciki fita don gudu.

Wannan shi ne asalin da allurar rigakafi ta ginu a kansa a wajen malamai. A 1987 cutar sanƙarau ta ɓarke tsakanin alhazai, ta sake ɓarkewa a 2000 da 2001, waɗansu suka koma da ita ƙasashensu suka shafa wa iyalinsu. Shi ya sa hukumomin Saudiyya suka wajabta allurar sanƙarau, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isowa, suna kuma neman shaidar allurar shawara daga masu zuwa daga ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar. Wanda ya sayi katin shaida ba tare da an yi masa allura ba ya haɗa laifi biyu: ya yi ƙarya, ya kuma jefa 'yan uwansa cikin haɗari. Ibadar da aka buɗe ta da ha'inci kuwa abar tsoro ce.

Babban abokin gaban alhaji shi ne zafin rana. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji, suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba inuwa ba wurin hutawa. Waɗansu suna zaton tsayuwa cikin rana a Arfa ƙarin lada ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ummul Husaini cewa a Hajjin Bankwana ta ga Usama da Bilal, ɗaya yana riƙe da ragamar taguwar Annabi (S.A.W.), ɗaya kuma ya ɗaga mayafinsa yana kāre shi daga zafi har ya yi jifa. Da wannan malamai da yawa suka kafa hujjar halaccin riƙe laima ga mai harami. Alhaji ya yawaita shan ruwa tun bai ji ƙishi ba, ya guji fita da tsakar rana. In ya ga ɗan uwansa jiri na ɗibarsa, jikinsa ya yi zafi rau, ko maganarsa ta rikice, to ya kai shi inuwa, ya jiƙa masa jiki da ruwa, ya nemi ma'aikatan lafiya nan take.

Abinci ma abin lura ne. Abin da ya kwana ba a cikin firiji ba, ko ya daɗe a buɗe cikin zafi, barinsa ya fi. A wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga makewayi. Wanda zawo ya kama, ya zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta ya riƙa sha, in abin ya ci gaba ya je asibiti. Ranar aski a Mina kada mutum biyu su yi amfani da reza guda, domin ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin jini. A kuma nisanci ɗanyen nonon raƙumi, saboda wata cutar numfashi da aka gano a 2012 wadda ke da alaƙa da raƙuma. Mai tari ya rufe baki da hanci a cikin cunkoso.

Sai kuma rangwamen da shari'a ta yi, wanda mutane kan ƙi karɓa don ganin kamar raunin imani ne. An yarje wa matafiyi ya yi ƙasaru, ya kuma sha azumi ya rama daga baya. An yarje wa wanda ruwa zai cuce shi ya yi taimama. Uwar muminai Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya, Annabi (S.A.W.) ya umurce ta da ta yi ɗawafi a kan abin hawa. Ya kuma yi wa masu rauni izinin barin Muzdalifa da dare kafin turmutsutsu. Ka'abu ɗan Ujra, da ƙwarƙwata ta dame shi yana cikin harami, an umurce shi ya yi aski ya yi fidiya: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. Saboda haka tsohon da ƙafarsa ta gaza, ga sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita 3 ne, ya hau keken guragu ba tare da jin kunya ba. Wanda ba zai iya jifa ba ya tambayi malamin tawagarsa hukuncin wakilci.

Jiki amana ne da za a tambayi bawa a kansa. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen yawan Umra da yawon kasuwa kafin ranar 9 ga Zulhajji, har ya wayi gari a gadon asibiti ranar Arfa, ya sayar da farilla ya sayi nafila.

Allah ya kai maniyyata lafiya, ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Allah shi ne Masani.