Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Turbo da Babban Injin Rotari a Jirgin Sama Haɗin Gida

Injin rotari, wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro kuma kamfanin Mazda na Japan ya daɗe yana sa wa motocinsa, ba shi da fistin, ba shi da bawul. Abin da ke cikinsa wani dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa uku da ake kira rota, yana juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Ƙanƙantarsa da ƙarancin jijjigarsa su suka ja hankalin masu haɗa ƙananan jiragen sama a garejin gida, musamman a Amurka, inda hukumar kula da jiragen sama ta FAA ta yarda mutum ya tashi da jirgin da ya haɗa fiye da rabinsa da hannunsa, ya kuma ɗora masa injin da ya ga dama.

Yawancinsu da 13B suke farawa, injin motar RX-7 mai rota biyu da cc 1,308, wanda a jirgi yakan ba da ƙarfin doki 160 zuwa 180. Idan wannan ya gaza, hanya biyu ce ta rage: ko a ɗaura masa turbo, ko a koma ga 20B mai rota uku da cc 1,962, wanda Mazda ta sa a motar Eunos Cosmo daga 1990. Shi 20B da turbo biyu ya zo daga masana'anta, amma masu jirgi sukan cire su, su sa masa rotocin da suka fi matse iska. Ga yadda ake yanke hukunci tsakanin biyun.

Mataki na 1: A rubuta nisan sama da jirgin zai riƙa tafiya

A rubuta inda za a riƙa tafiya da gaske, ba inda rai ke kwaɗayi ba: tsawon titin da ake tashi, tudun da filin yake, yawan mutane da kaya, da ƙafa nawa ake hawa a tafiyar yau da kullum.

Mataki na 2: A yi lissafin inda injinan biyu suke haɗuwa

Nan ne mafi yawan shawarwari suke ɓata hanya, domin kwatanta ƙarfin injinan ake yi a ƙasa, alhali jirgi a sama yake aiki. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da ya hau, saboda iska na ƙara sirancewa. A ƙafa 8,000 abin da ya rage masa wajen kashi 75 ne.

A ɗauki 13B mai doki 160. Da yake 20B rota ɗaya ya ɗara shi, kuma rotocin girmansu ɗaya, zai ba da wajen doki 240 a ƙasa. A ƙafa 8,000 na farkon ya koma 120, na biyun 180. Shi kuwa 13B mai turbo, idan an saita shi ya riƙe matsin iskar bakin teku kawai, wato inci 30 a agogon matsi, 160 ɗinsa yana nan daga ƙasa har sama. Ke nan 20B yana gabansa a wajen tashi, yana gabansa a wajen hawa, har sai an kai inda ƙarfin 20B ya koma kashi biyu cikin uku. Wannan wuri yana tsakanin ƙafa 11,000 da 12,000.

Wannan adadi shi ne ƙashin bayan zaɓin gaba ɗaya. Wanda tafiyarsa ba ta wuce ƙafa 10,000, turbo ba ta da abin da za ta ba shi wanda babban inji bai ba shi ba. Wanda ke ƙetare duwatsun Rocky a ƙafa 15,000 zuwa 17,000, lissafinsa daban ne. Sai dai a tuna dokar Amurka ta wajabta wa matuƙi shaƙar iskar oksijin idan ya wuce minti 30 a sama da ƙafa 12,500, kuma dole ne a kowane lokaci daga 14,000. Wato ribar turbo tana farawa ne daidai inda kwalbar oksijin take shigowa.

Ana iya ƙara matsin ya wuce inci 30 don 13B ya kamo 20B tun daga ƙasa, amma hakan na buƙatar wajen inci 45, kuma abin da ke biyo baya yana Mataki na 4.

Mataki na 3: A auna nauyi a kan sikeli

Kada a amince da nauyin da wani ya faɗa da baki, domin galibi gangar injin kawai ya auna. A haɗa komai: giyar rage gudu, lagireto, na'urar sanyaya baƙin mai, salansa, ruwa da mai. A ɓangaren turbo a ƙara ita kanta turbon, bututun hayaƙi mai kauri, na'urar sanyaya iska da bututunta, da garkuwar zafi. Idan aka yi haka, sau da yawa tazarar da ke tsakanin biyun takan ragu ƙwarai.

Inda nauyin ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. Injin 20B ya fi tsawo, don haka yana tura giya da farfela gaba. Misali, ƙarin kilo 40 a mita ɗaya da rabi gaban tsakiyar nauyin jirgi yana buƙatar kilo 15 a mita huɗu can wajen wutsiya kafin a daidaita. Mayar da batir baya yakan rage matsalar. A jirage masu inji a baya, irin su Long-EZ da Cozy, abin ya fi haɗari, domin nauyin da ya rinjaya baya na iya jefa jirgi cikin faɗuwar da ba a iya farfaɗo da shi daga gare ta.

Mataki na 4: A duba abin da turbo ke jawowa

Hayaƙin injin rotari ya fi na injin fistin zafi nesa ba kusa ba. Yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya haura. A mota, turbo na shan wannan wuta na daƙiƙoƙi ne, sai direba ya ɗaga ƙafa. A jirgi kuwa sa'o'i take yi tana sha ba hutu.

Kuskure na farko shi ne ɗaura turbon da ta zo da motar. Mazda ta zaɓe ta ƙarama ce don ta amsa da wuri a titi. A sama, inda iska ba ta da kauri, sai ta yi gudun da ya fi ƙarfinta kafin ta tara matsin da ake so. A ƙafa 18,000 matsin iska rabin na ƙasa ne, ke nan dole ta ninka shi biyu kafin agogo ya nuna inci 30. Ƙaramar turbo a wannan hali fukafukanta kan narke ko su karye. Abin da ya dace shi ne turbo mai babban gidan hayaƙi, irin dangin T04 na kamfanin Garrett, kuma a zaɓe ta ta hanyar ɗora lissafin injin a kan taswirar aikinta, a ƙasa da kuma a sama.

Kuskure na biyu yana ƙofar sakin hayaƙi, wadda ke rage wa turbo ƙarfi idan matsi ya isa. Ta mota da sifirin take aiki, kuma tana ƙara adadi ɗaya ne a kan matsin iskar waje, ko nawa yake. Sifirin da ke ƙara inci 10 zai ba da kimanin inci 30 a ƙafa 10,000, abin da ake so ke nan. Amma a filin da ke bakin teku, matuƙi na tura maƙurar mai gaba ɗaya sai allura ta haye inci 40. Don haka ko dai a sa na'urar da ke auna ainihin matsin cikin inji, ko matuƙi ya riƙa tsayar da hannunsa da ido a kan agogo duk lokacin tashi. Ƙofar kuma ta zama ta waje mai faɗi, domin ta cikin turbon mota ba ta iya zubar da hayaƙin rotari duka, sai matsi ya yi ta hawa ko tana buɗe.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne sil ɗin kusurwa, wato siraran ƙarafan da ke kan kusurwoyin rota uku suna toshe iska. Idan matsi da zafi suka yi yawa, fetur kan fashe da kansa kafin wuta ta gama cinsa. Injin fistin na iya jure wannan na ɗan lokaci. A rotari, 'yan daƙiƙoƙi sun isa su karya sil, gutsuren ya kankare bangon gidan rota, ya fita ta hayaƙi ya daki fukafukan turbo. Rota ɗaya ta mutu ke nan, rabin injin ya tafi. Rigakafin abu huɗu ne: rotoci masu ƙarancin matsi, irin na 8.5 ko 9.0 da Mazda ta sa wa injinanta masu turbo, a maimakon 9.7 na marasa turbo ko 10 na injin Renesis na motar RX-8. Wadataccen fetur a lokacin da matsi ya hau. Jinkirta lokacin wutar fulogi. Da na'urar sanyaya iska. Wannan ta ƙarshen tilas ce, domin ninka matsin iska biyu na ƙara mata zafin wajen digiri 80.

Bututun hayaƙi a yi shi da bakin ƙarfe mara tsatsa mai lamba 321 ko Inconel, turbon kuma a yi mata maɗauri nata, kada a bar nauyinta a kan walda. Bakin kowane bututun iska a yi masa ƙulli, a ɗaure da maɗauri mai noti. Tiyo ɗaya ya suɓuce a sama, ƙarfin injin ya zube nan take. Tiyon baƙin mai da ke shiga turbo a sa masa rigar wuta, domin shi ne mafi kusa da jan ƙarfe.

Turbo na da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: tana cinye ƙarar hayaƙi. Rotari mara turbo ƙararsa na huda kunne, bugun hayaƙinsa kuma na farfasa salansa, don haka mai 20B sai ya tanadi salansa mai ƙwari da nauyinta.

Mataki na 5: A lissafa sanyaya inji

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da ake kwashewa daga rotari ta baƙin mai yake fita, domin da shi ake sanyaya cikin rota. Ƙaramar na'urar sanyaya baƙin mai ba ta yin aiki a nan. Gidan rota na alminiyam ne, faranten gefe na baƙin ƙarfe, tsakaninsu zoben roba ne ke tare ruwa, kuma zafi sau ɗaya ya isa ya lalata shi.

Injin 20B ya fi wahalar sanyayawa a ƙasa, ranar zafi, lokacin hawa; da ya yi sama zafinsa na raguwa tare da ƙarfinsa. Mai turbo akasin haka ne: zafinsa na nan yadda yake, iskar da za ta ratsa lagireto kuwa ta sirance. A zaɓi girman lagireto bisa mafi munin halin kowanne.

Mataki na 6: Giya da farfela

Rotari na son juyi 6,000 zuwa 7,500 a minti, farfela kuwa ba ta son wuce 2,700, don haka dole a sa giyar rage gudu. Tracy Crook na jihar Florida, wanda ya tashi da jirgin RV-4 mai 13B sannan ya haɗa RV-8 mai 20B, ya ƙera giyoyi masu rabon 2.17 da 2.85 waɗanda suka yaɗu a tsakanin masu wannan aiki. A tabbatar giyar da aka samu za ta ɗauki ƙarfin da ake nufi, a kuma san ɓangaren da take juya farfela kafin a sayi farfelar.

Turbo ba ta jituwa da farfela mai kafaffen kusurwa. Wadda ta dace da tashi za ta yi gudun wuce kima a sama, wadda ta dace da sama kuma za ta danne injin a kan titi. Mai turbo ya sa kuɗin farfela mai sauya kusurwa a lissafinsa, galibi mai aiki da lantarki, kuma ba ta da araha. Mai 20B na iya wucewa da ta katako.

Mataki na 7: A tambayi gangar jirgin

Agogon gudu na nuna ƙasa da ainihin gudun jirgi da kusan kashi 2 cikin 100 a duk ƙafa 1,000. Kaɗawar da ke yaga fiffike kuwa ainihin gudun take bi. Kamfanin Van's Aircraft ya gargaɗi masu jiragen RV a kan haka: jirgi mai turbo na iya wuce iyakarsa a sama alhali allura ba ta kai jan layi ba. A duba iyakar ƙarfi da nauyin inji da mai zanen jirgin ya gindaya, kada a ƙetare ta.

Mataki na 8: Samuwar kaya

Injin 13B da kayansa suna ko'ina. 20B kaɗan aka ƙera, na hannu ne daga Japan, kuma yana da tsada. Rotoci da sil nasa ɗaya ne da na 13B, amma sandar tsakiya mai gaɓa biyu da farantin tsakiya mai kauri nasa ne shi kaɗai. A duba lafiyarsu kafin a biya.

Mataki na 9: A yanke, sannan a gwada

Jirgi mai kujera huɗu ko babba mai kujera biyu, mai tashi a gajeren titi da tafiya ƙasa da ƙafa 12,000, 20B mara turbo ne nasa: kayan da za su lalace sun fi kaɗan. Ƙaramin jirgin da hancinsa ba zai ɗauki rota uku ba, ko mai doguwar tafiya a kan duwatsu, shi ke da hujjar 13B mai turbo, a riƙe matsin kusa da inci 30. Wanda bai taɓa tashi da rotari ba ya fara da 13B zalla, ya shawo kan sanyaya da fetur tukuna. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ko wanne aka zaɓa, a ɗaure jirgin a ƙasa a gwada injin da cikakken ƙarfi, da agogon zafin hayaƙi na kowace rota daban. A Amurka, jirgi mai injin da ba shi da shaidar hukuma yakan yi sa'o'i 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja. A yi sa'o'in farko a saman filin jirgi, a riƙa ƙara ƙafa 1,000 ko 2,000 a kowane tashi, ana rubuta zafin ruwa, na mai, na hayaƙi da na iskar da ke shiga inji.