Darasi: Idan Aka Kira Musulmi Ya Taya Alƙali Zaman Shari'a

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, wani dattijo daga cikin masu halartar karatunmu ya same mu bayan sallar la'asar da takarda a hannu. An sa sunansa cikin masu taya alƙali zama, bai kuwa taɓa taka ƙofar gidan shari'a ba. Ya ce kwana uku ke nan barci ya ƙaurace masa, yana so ya sani: ya karɓa, ko ya nemi uzuri? Mun ga amsar za ta amfani jama'a, shi ya sa muka mai da ita darasi.

Mene ne wannan aiki?

Iri biyu ne. Na farko, mutanen gari da ake kira su zauna shari'ar manyan laifuffuka kamar kisan kai, waɗanda ake ce wa jure da Faransanci. Faransa ta fara wannan tsari a 1791, daga gare ta kuma Nijar ta gaje shi cikin dokar bin shari'ar laifuffuka ta 1961. A Ingila da Amurka mutum 12 ke zama a manyan shari'o'i, su ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba.

Na biyu shi muka fi sani. Dokar 16 ga Maris 1962 ta tsara cewa a al'amuran aure, saki, gado da rikicin gonaki, alƙali ya zauna da mutum biyu masana al'adar masu ƙara, su ba shi shawara. Dokar 2004 ta sake tabbatar da haka. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman Malikiyya sun so alƙali ya halarto da masana majalisarsa ya shawarce su, iyayenmu kuwa suna kiran irin wannan mutum muhuti.

Shin a karɓa?

Tsoron dattijon nan yana da tushe. A hadisin Buraida, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, an kasa masu hukunci kashi uku, ɗaya kawai ke tsira: wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Wanda ya sani ya karkace, da wanda ya yanke cikin jahilci, duka sun halaka. Amma mu lura, hadisin bai ce a gudu ba, sharaɗi ya gindaya. Tsai da adalci farilla ce ta kifaya. In duk mai tsoron Allah ya noƙe, wa zai hau kujerar? Wanda ba ya tsoron kowa. Sa'an nan gonar maraya ta tafi, mu kuma mu zauna a ƙofar masallaci muna Allah wadai. Saboda haka wanda ya san yana da sani da gaskiya, kuma ba shi ya nema ba, ya karɓa, ya nemi taimakon Allah.

Ladubban zama

Na ɗaya, ya ji ɓangare biyu. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Aliyu Yaman, ya hore shi da kada ya yanke sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko. Sabon shiga yakan ji mai ƙara na kuka, zuciyarsa ta gama hukunci tun ɗayan bai buɗe baki ba. Mu tuna ƴan'uwan Annabi Yusufu ma da kuka suka zo wa mahaifinsu.

Na biyu, kada iya magana ta ruɗe shi. Hadisin Ummu Salama a Buhari da Muslim ya nuna wani kan fi wani iya tsara hujja, kuma wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa ta haka yankin wuta ya ɗauka. Baƙauye na iya rikicewa gaban alƙali, musamman in ta bakin tafinta ake magana, alhali gaskiya na hannunsa. In mai zama ya ji an juya maganarsa ba daidai ba, ya faɗa. Wannan yana cikin manyan amfaninsa a wurin.

Na uku, ya tsaya ga hujja. Kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Abin da aka ji a kasuwa ko gindin bishiya ba hujja ba ne. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike kafin mu cuci wani bisa labari. A laifi kuwa, in shakka ta tsaya, wanda ake tuhuma ke cin moriyarta, don kuskure wajen saki ya fi sauƙi bisa kuskure wajen horo.

Na huɗu, kada ya yi magana cikin hushi. Hadisin Abu Bakrata ya hana haka, malamai kuma suka haɗa da matsananciyar yunwa, ƙishirwa da gyangyaɗi.

Na biyar, ya riƙe sirri. Abin da aka tattauna bayan rufe ƙofa amana ne, ba na hira da iyali ba ne, ko da shari'a ta ƙare.

Inda ƙafa ke zamewa

Babbar jarrabawa ba a zauren shari'a take ba, a zauren gida take. Da dare za a yi sallama, ga suruki ko aminin yarinta, ga buhun hatsi ko rago, a ce goro ne kawai. Ya ɗan'uwa, goron da bai zo ba sai da aka sa sunanka, ba goro ba ne. Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Aya ta 135 cikin Suratun Nisa'i ta wajabta tsayuwa da adalci ko a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi, ba duban wadata ba duban talauci. Aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida ta rufe ɗayar ƙofar: ƙiyayya ba ta halatta zalunci. Rikicin manomi da makiyayi ya zo, kai kuwa manomi ne, nan za a gane imaninka. In ka ga ɗaya daga masu shari'ar naka ne, ko akwai tsohuwar gaba tsakaninku, ka shaida wa alƙali tun da wuri, ka janye. Wannan ba gazawa ba ce, tsantseni ne.

In kuwa ra'ayinka ya saɓa wa na sauran, ka faɗe shi da ladabi da dalili. Ko ba a ɗauka ba, ka sauke nauyi.

Dattijon nan ya karɓa. Mun roƙe shi abu guda: duk ranar zama, ya tuna akwai zaman da shi ne za a tsayar, ba tafinta, ba lauya.

Allah Ya nuna muna gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna muna ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Amin.