Na'urarka Tana Daskarewa? Leƙa Cikin Ƙwaƙwalwarta Tukuna

Tambaya: Na haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da allon Arduino Uno. A kan tebur lafiya lau yake aiki, amma da na ɗaura masa hita da fanka sai ya riƙa tsayawa cik, wani lokaci kuma ya koma farko da kansa. In aka ɗauke wuta, lissafin kwanakin ma ɓacewa yake yi. Ko in sayi allo mai ƙarfi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ayisin (IC) da ke kan allon nan, ATmega328P, ya fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba. Ƙwan kaza ba ya bukatar komai sai zafi kusan digiri 37.5, da laima, da juyi, har kwana 21. Matsalar ita ce ana ɗaukar ayisin kamar kwamfutar ofis, alhali gininsa daban ne.

Kwamfuta ce cikakkiya a ƙwaya ɗaya: mai lissafi, ma'ajiya, agogo da ƙafafun shiga da fita duk suna ciki. An gina shi a kan tsarin Harvard, wato hanyar umarni daban, hanyar bayanai daban. Shi ya sa ma'ajiyarsa ta kasu uku, kuma kusan duk kukan da ka kawo daga nan ya taso.

Filash, mai kilobayit 32, nan shirin da ka rubuta yake zaune, ko babu wuta. Wannan ba ta cika damun kowa ba. Wadda ke ba da wahala ita ce RAM, teburin aikin na'urar, mai bayit 2,048 kacal. Idan ka sa ƙaramin allon nuni na OLED mai ɗigo 128 sau 64, yawancin shirye-shiryen da ke tuƙa shi suna kama bayit 1,024, rabin wurin ke nan. Ga kuma kowace jimlar da ka rubuta don a nuna, wadda ake kwafowa cikin RAM da zarar an kunna. Wuri na ƙurewa bayanai sai su hau kan juna, na'ura ta rikice ba tare da gargaɗi ba. Magani: ka naɗe jimlolinka da F() don su zauna a filash, ka kuma guji nau'in String, domin yana yayyanka wurin har ya kasa amfanuwa.

RAM ba ta riƙe komai in wuta ta tafi. Lissafin kwanaki wurinsa EEPROM, mai kilobayit 1. Sai dai a kula: kamfanin ya lamunce wa kowane gurbi rubutu sau 100,000 ne. Mai rubutawa duk daƙiƙa zai cinye wannan kaso cikin awa 28. Mai rubutawa sau ɗaya a awa kuwa zai haura shekara 11. Ƙwai ba ya bukatar lissafin daƙiƙa. In kana son lokaci ya ci gaba da tafiya bayan ɗaukewar wuta, ƙara agogon DS3231 mai ɗan batirinsa.

Amma ni na fi zargin wutarka. Ƙafa ɗaya ta ayisin miliam 20 ake so ta bayar, 40 kuwa iyaka ce da in an wuce ta za ta iya lalacewa. Ba a tuƙa rile, makunnin da ke kunna hita, kai tsaye da ita, sai ta bayan tiransista. Shi kuma naɗin wayar da ke cikin rile, duk sa'ad da aka yanke masa wuta yakan mayar da martani mai ƙarfi, don haka a gicciya masa dayod irin 1N4007. Sa kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafafun wutar ayisin, ka raba wutar fanka da ta allon, ka nisanta wayoyin hita daga na ma'aunin zafi. Cajar waya ta arha ba abin dogaro ba ce a nan; fanka na tashi sai bolt 5 ɗin ya nutse.

Akwai masu gadi biyu a cikin ayisin da mutane ba su cika kula da su ba. Na farko yana lura da faɗuwar wuta, ana kuma iya saita shi a bolt 1.8, 2.7 ko 4.3. Zaɓi 4.3, domin a bolt 2.7 gudun megahaz 10 kaɗai aka lamunce, Uno kuwa a 16 yake gudu. Na biyu agogo ne mai zaman kansa: in shirinka ya kasa taɓa shi cikin wa'adin da ka sa, wanda bai wuce daƙiƙa 8 ba, sai ya tayar da na'urar daga farko. Ka tsara shirin ta yadda yana farfaɗowa zai fara kashe hita, sannan ya karanta zafi.

Allo irin ESP32 sai ranar da kake son saƙo ya iso wayarka ta intanet. Ka dai tuna cewa da bolt 3.3 yake aiki, ƙafafunsa ba sa jure 5.